Abin da ke sa kibiyar linzami canza kama a Linux

A ɗakin da nake koyar da kwamfuta a unguwar Zariya, nan cikin Maradi, akwai wani dattijo da ya yi shekaru yana karantarwa a lakwal kafin ya aje aiki. Da hantsi yake zuwa, lokacin da yara ba su cika ɗakin ba, yana son ya iya buga takardunsa da hannunsa. Idanunsa sun yi rauni. Tun ranar farko na lura kibiyar linzami tana ɓace masa a kan allo, sai ya riƙa kaɗa ɓeran, wato linzamin, hagu da dama har ya hango inda ta maƙale. Na sauko masa da wani salon kibiya baƙa mai farin baki, na ƙara girmanta daga 24 zuwa 48, ya yi murna, ya sa mini albarka.

Kwana biyu bayan haka ya kira ni. "Ɗana, zo ka gani. Mi ya samu kibiyar ga? Nan waje ga ta ƙatuwa, baƙa. In na shiga cikin wannan tagar sai ta koma hwara, ƴar mitsitsiya, in rasa ta." Na ce, "Baba, bari in duba." Na karɓi ɓeran na ja shi a hankali, na ga abin da ya gani: a kan tebur kibiya ɗaya, a cikin manhajar kallon bidiyo wata dabam, a manhajar shiga intanet kuma ta uku, wadda ba ta yi kama da ko ɗaya daga cikinsu ba.

Mai lafiyayyen ido zai iya shekara yana aiki da irin wannan kwamfuta bai damu ba. Ga wanda ganinsa ya ragu, ko wanda yau ne ya fara riƙe linzami, kibiya ita ce hannunsa a cikin na'urar. In ta canza launi da girma duk lokacin da ya ƙetare bakin wata taga, to hannunsa ne ke ɓace masa, kuma yawanci kansa zai zarga, ya ɗauka shi ne bai iya ba. Abin da ya sa na zauna na bi diddigin lamarin ke nan, kuma na ga ya dace in rubuta shi, don masu saka Linux, tsarin tafiyar da kwamfuta da ake sawa a madadin Windows, suna ƙaruwa a garin nan. Kwamfutocin da ke shigo mana ta Jibiya da Ɗan Isa galibi na hannu ne, sun sha aiki. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma yana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da sabon injin sarrafawa, abin da da yawa daga cikin waɗannan na'urori ba su da shi. Mai gyara da ba ya son ya ce wa mutum ya jefar da kwamfutarsa, Linux yake saka masa. Duk wanda ya yi haka, ko ba daɗe ko ba jima zai ci karo da wannan kibiya.

Abu na farko da mutane ke faɗa shi ne birus ya shiga, ko ɓeran ya lalace. Babu ko ɗaya. Ɓera ba ya aika hoto, motsi da dannawa kawai yake aikawa. Hoton kibiyar wani ne ke zana shi, kuma duk rikicin yana cikin tambayar wane ne wannan mai zanen.

A Windows amsar gajeriya ce. Zaɓin mutum yana ajiye a wuri ɗaya cikin rajistar tsarin, a ƙarƙashin Control Panel\Cursors, manhaja kuma sai ta ce wa tsarin ya ba ta kibiyar da aka saba, ya ba ta. A Linux kibiya ba ta da uban gida ɗaya. Tagar da ke ƙarƙashinta a wannan daƙiƙar ita ke da ita. Da ka ƙetare zuwa wata taga, ta shiga hannun wani.

Asalin wannan yana da nisa. Tsarin tagogi na X an fara shi a jami'ar MIT ta Amurka a 1984, sigarsa ta 11, wadda ake kira X11, ta fito a 1987, kuma har yau da ita kwamfutoci masu yawa ke aiki. A wancan zamani kibiyoyin suna cikin wani tarin zane guda mai siffofi 77, kowace launi biyu kacal, babu inuwa, babu motsi. Kowace siffa da sunanta: left_ptr ita ce kibiyar yau da kullum, xterm ita ce sandar da ke fitowa a kan rubutu, watch agogon jira, hand2 hannun da ke nuna wurin dannawa. A 2002 Keith Packard ya rubuta Xcursor, wanda ya shigo hannun jama'a tare da XFree86 4.3, wani nau'in X ɗin, a 2003. Shi ya kawo kibiya mai launuka, mai inuwa, mai juyawa, kuma shi ya kawo salo, wato mutum ya zaɓi tarin kibiyoyin da yake so. Amma ga yadda aka gina shi: Xcursor ba wani ofishi ba ne da ke zaune a tsakiya yana raba wa kowa. Guntun aiki ne da kowace manhaja ke ɗauke da shi a cikinta. Manhaja ta tashi, ta tambayi sunan salon, ta je faifai da kanta ta ɗauko hoton, ta miƙa wa X ta ce in kibiya ta zo kan tagata, wannan za ka nuna. Manhaja goma, tambaya goma, tafiya goma.

Da a ce duka wuri ɗaya suke tambaya, da babu abin rubutawa. A nan gizo ke saƙar. Abin ya yi kama da kasuwar hatsi da kowace rumfa ke da tata tiya: kowa ya auna daidai a ganinsa, mai saye ne ke komawa gida da awo iri-iri.

Shi Xcursor kansa yana da tsarin tambayarsa. Yana fara duba wata sanarwa da ake rataya wa manhaja lokacin da take tashi, mai suna XCURSOR_THEME, da ƴar uwarta ta girma, XCURSOR_SIZE. In babu, ya duba taskar bayanan X, inda ake rubuta Xcursor.theme da Xcursor.size, galibi daga fayil ɗin ~/.Xresources (alamar ~ tana nufin foldar gidan mai amfani). In nan ma babu, ya nemi salon da sunansa default. A riƙe wannan na ƙarshen, za mu dawo kansa, don rabin maganin yana wurinsa.

A saman Xcursor kuma akwai manyan gidaje biyu da ake gina manhajoji da kayansu, GTK da Qt. Firefox, GIMP da manhajojin shimfiɗun tebur irin su GNOME, Cinnamon, MATE da Xfce ƴan gidan GTK ne. VLC, VirtualBox da duk kayan KDE ƴan gidan Qt ne. GTK ba ya tsayawa ga abin da Xcursor ya samo, yana da nasa littafin, kuma littafin ya bambanta daga tsara zuwa tsara. GTK 2 yana karanta ~/.gtkrc-2.0. GTK 3 yana karanta ~/.config/gtk-3.0/settings.ini, GTK 4 kuma irinsa a cikin gtk-4.0, duka da layi mai suna gtk-cursor-theme-name. Tsofaffin ba su ƙare ba: GIMP 2.10, wanda masu hoto da masu buga katin biki ke amfani da shi, a kan GTK 2 yake, sai a GIMP 3.0 na Maris 2025 aka koma GTK 3. Sannan a X11, in akwai mai shelar saituna da ke aiki a bayan fage, wanda ake kira XSETTINGS, maganarsa ta fi ta waɗannan fayiloli ƙarfi. Shi ya sa mutum zai gyara settings.ini da kyau, ya sake tada na'ura, ya ga babu abin da ya motsa. Bai yi kuskure ba, wani ne a sama da fayil ɗin ke magana.

Kowace shimfiɗar tebur ma, wato fuskar tsarin da kake gani a allo da tagar saitunanta, da inda take ɓoye zaɓinka. GNOME yana ajiye shi a org.gnome.desktop.interface, ƙarƙashin cursor-theme da cursor-size. Cinnamon yana da nasa a org.cinnamon.desktop.interface. Xfce yana sa shi cikin xfconf, a /Gtk/CursorThemeName. KDE yana rubuta shi a ~/.config/kcminputrc. In ka shiga tagar saituna ka danna salon da kake so, shimfiɗar tana rubuta wa kanta, tana sanar da ƴan gidanta, wani lokaci ta taimaka ta rubuta wa maƙwabta. Ba ta rubuta wa kowa. Wanda saƙon bai kai gare shi ba, sai ya koma ga default.

To mene ne default ɗin? Ba tarin hotuna ba ne. Folda ce da ƙaramin fayil ɗaya a ciki, index.theme, wanda aikinsa kawai ya ce ni magajin wane ne. Layi biyu ne: na farko [Icon Theme], na biyu Inherits= sai sunan salon da aka gada. Na tsarin gaba ɗaya yana /usr/share/icons/default/index.theme, kuma abin da masu haɗa wannan nau'in Linux suka zaɓa ne ke ciki, sau da yawa Adwaita ko DMZ-White. Ƴar farar kibiyar da ke ɓace wa Baba daga nan take fitowa. Tagar saituna ta canza masa salo a sama, amma magajin da ke ƙasa yana nan yana nuna tsohon gida.

Gyaran wannan ba shi da wuya, kuma shi nake fara yi a kowace na'ura. A buɗe folda ~/.icons/default, in babu a ƙirƙire ta, a sa fayil index.theme a ciki da waɗancan layuka biyu, a rubuta sunan salon da ake so bayan Inherits=. Xcursor yana duba gidan mai amfani kafin ya duba na tsarin, don haka naka zai rinjayi nasu. A Debian, Ubuntu, Linux Mint da sauran danginsu akwai hanyar canza na tsarin ma, da umarnin sudo update-alternatives --config x-cursor-theme, wanda zai jero salon da ke akwai ka zaɓi lamba. Sai dai salon da aka saka ta rumbun manhajoji kaɗai ke fitowa a jerin. Wanda ka sauko da shi daga intanet ka kwafa da hannu ba zai fito ba sai ka yi masa rajista da kanka.

Akwai wani tarko a nan da ya cinye mini yamma guda. Sunan da tagar saituna ke nuna maka ba lallai ne ya zama sunan da Xcursor ke nema ba. Shi sunan folda yake nema, harafi da harafi, babba da ƙarami. Salon KDE da ake gani a rubuce Breeze, foldarsa breeze_cursors take. Wanda Linux Mint ya mayar nasa tun sigar 21.1 a ƙarshen 2022, foldarsa Bibata-Modern-Classic ce, in ka rubuta b ƙarami a farko ba za a same ta ba. Kuma ba za a gaya maka ba a samu ba. Babu saƙon kuskure, babu gargaɗi, manhajar za ta koma ga default shiru. Kafin a rubuta suna a ko'ina, a buga ls /usr/share/icons ~/.icons ~/.local/share/icons a tagar umarni, a kwafi sunan yadda yake. A kuma leƙa cikin foldar a tabbata akwai wata folda mai suna cursors kai tsaye a cikinta. Sau da yawa in an kwance ƙunshin da aka sauko da shi, folda kan shiga cikin folda mai suna iri ɗaya, sai cursors ta nutse hawa biyu, Xcursor kuwa hawa ɗaya yake sauka.

Inda za a aje salon ma magana ce. Wurare uku aka saba: ~/.icons, wanda shi ne na da, ~/.local/share/icons, wanda shi ne na yanzu, da /usr/share/icons na kowa da kowa. Ra'ayina a kan wannan ba ya rawa: in na'urar taka ce, ko kai ke kula da ita, ka sa shi a /usr/share/icons. Dalili shi ne ba kai kaɗai ke zana kibiya a kwamfutarka ba. Allon shiga, inda ake buga kalmar sirri, yana aiki ne da sunan wani mai amfani na dabam wanda ba shi da izinin leƙa gidanka. Manhajar da aka buɗe da ikon mai gida, wato cikakken iko a kan na'urar, kamar mai raba faifai, saitunan /root take karantawa. Waɗannan duka ba su ganin abin da ke ~/.icons ɗinka. Allon shigar ma da nasa wurin rubuta suna: SDDM na KDE yana da CursorTheme a cikin saitunansa, masu tarbar LightDM kuma suna da cursor-theme-name a fayilolinsu da ke /etc/lightdm.

Bayan na gyara default a na'urar Baba, manhajar bidiyo ta dawo hanya. Ta intanet ta ƙi. Nan na gane ita a killace take.

Shekarun nan an samu sabuwar hanyar raba manhajoji, Flatpak da Snap, inda kowace manhaja ke zuwa da kayanta, a zagaye ta da danga, ba ta ganin sauran gidan sai abin da aka buɗe mata. Don tsaro aka yi haka, kuma tsaron na gaske ne. Amma manhajar da za ta je faifai da kanta ta ɗauko hoton kibiya, in an yi mata danga, ina za ta bi? Flatpak ya yi tanadi: yana nuna wa manhaja abin da ke /usr/share/icons da ~/.local/share/icons ta wata ƙofa, a /run/host/share/icons da /run/host/user-share/icons. Tsohuwar ~/.icons ba ta cikin tanadin, kuma can na sa salon Baba tun farko. Manhajar ta ji sunan salon sarai, ta nema a inda take iya gani, ba ta samu ba, ta ɗauki abin da ke cikin dangarta. Da na mayar da foldar /usr/share/icons sai ta gani. Wanda ba ya son ya motsa foldar zai iya buɗe ƙofa da flatpak override --user --filesystem=~/.icons:ro, wato a bari ta karanta ban da rubutu. In duk da haka wata ta ƙi, ana nuna mata hanya ƙarara da flatpak override --user --env=XCURSOR_PATH=/run/host/user-share/icons:/run/host/share/icons.

Snap ya fi tsauri. Manhajojinsa suna ɗaukar salo daga wani ƙunshi na musamman, gtk-common-themes, mai ɗauke da sanannun salo irin su Yaru da Adwaita. In naka ba ya ciki, kuma babu wanda ya shirya shi a matsayin Snap, to ko ka sa shi a ina manhajar ba za ta gan shi ba. Wannan ya shafi mutane da yawa, don a Ubuntu 22.04 da na bayanta Firefox ɗin da ke zuwa da tsarin Snap ne. A irin wannan na'ura shawarata ita ce kada a yi ta kokawa: a zaɓi salo daga cikin waɗanda ƙunshin ya sani, a ƙara masa girma, a huta. Linux Mint ya toshe Snap tun sigarsa ta 20 a 2020, don haka masu shi Flatpak kaɗai za su yi fama da shi.

Girma kuma rikicinsa dabam ne da na salo, kuma ga mai raunin ido ya fi salo muhimmanci. Fayil ɗin kibiya na Xcursor ba zane ba ne da ake ja ya miƙe. Hotuna ne ƙayyadaddu aka jera a ciki, misali na 24, 32, 48, 64, wani salon har 96. In ka nemi 40, za a ba ka wanda ya fi kusa. In mai salon bai zana komai sama da 32 ba, ko ka rubuta 64 a wurare goma 32 za ka samu. In kuma ba a faɗa wa manhaja girma ba sam, Xcursor yana yin lissafinsa: in an rubuta Xft.dpi, ya ninka shi da 16 ya raba da 72, in ba a rubuta ba, ya ɗauki gajeren gefen allo ya raba da 48. A allon ƙananan kwamfutocin da suka cika kasuwarmu, mai 1366 da 768, lissafin na biyu 16 yake bayarwa. Ka ga inda ƴar mitsitsiyar kibiya ke fitowa. Saboda haka duk inda aka rubuta sunan salo, a rubuta girma kusa da shi: Xcursor.size a ~/.Xresources, gtk-cursor-theme-size a fayilolin GTK, cursor-size a gsettings, wato ma'ajin saitunan GNOME, da XCURSOR_SIZE.

Wani lokaci kuma salo ɗaya ne, girma ɗaya, a cikin taga ɗaya, amma da ka kai kibiya bakin taga don ka ja ta, ko kan wani mahaɗi, sai wata tsohuwar siffa baƙa ta 1987 ta faɗo. Wannan matsalar suna ce. Siffa ɗaya tana da sunaye da yawa, gwargwadon wanda ke kira. Tsofaffin manhajoji suna cewa hand2, sababbi suna bin sunayen da shafukan intanet ke amfani da su, su ce pointer. Wancan ya ce xterm, wannan ya ce text. Wancan watch, wannan wait. Har akwai sunaye masu haruffa da lambobi 32 a jere, waɗanda wasu tsofaffin manhajoji ke nema. Salo mai kyau yana da hoto ɗaya da inkiya da yawa, kowace inkiya ƴar alama ce da ke nuna hoton na asali. In mai salon ya manta wata inkiya, manhajar da ta kira da wannan sunan ba ta samu ba. Ana gyarawa ta shiga foldar cursors a ƙirƙiri inkiyar, misali ln -s hand2 pointer. Mafi sauƙi kuma, a buɗe index.theme na salon a tabbata yana gadon wani cikakken salo kamar Adwaita, don abin da ya rasa a ɗauko daga can maimakon a koma zanen da. Wani abin lura: in aka kwafi salo ta kile mai tsarin FAT32 ko exFAT, kamar yadda muke yawan yi a nan don tsimin kuɗin intanet, waɗannan inkiyoyi ba su tsira, don irin wannan faifai bai san su ba. A kwafi ƙunshin a ɗaure yadda aka sauko da shi, a kwance shi a kan na'urar da za a saka.

Duk abin da na faɗa zuwa nan a kan X11 ya fi zama. Amma Linux yana tsakiyar ƙaura zuwa Wayland, sabon tsarin tagogi da Kristian Høgsberg ya fara a 2008. Fedora ta mayar da shi na farko a 2016, Ubuntu ta zauna a kansa tun 21.04. Mutum zai san inda yake da umarnin echo $XDG_SESSION_TYPE. Da an yi zaton sabon gini zai raba gardamar, sai ya zamana a farkonsa ya ƙara ta: a Wayland ma manhaja ce ke zana kibiyarta ta miƙa, kuma babu taskar bayanan X, babu XSETTINGS. Manhajojin GTK 3 a can gsettings suke saurara, wasu kuma XCURSOR_THEME kaɗai suka sani. Tsofaffin manhajojin da ba su iya Wayland ba suna aiki ta wata gada mai suna XWayland, su kuma dokokin X11 suke bi. Allo ɗaya, dokoki iri biyu. In aka haɗa da ninka girman allo, a ce kashi 150 ko 200 cikin ɗari, kowace manhaja ita ke lissafa girman kibiyarta, wata ta ninka, wata ta manta. A Wayland sanarwar nan biyu, XCURSOR_THEME da XCURSOR_SIZE, ba abin wasa ba ne, kuma wurin da ya fi dacewa a rubuta su shi ne /etc/environment, ko wani fayil a ~/.config/environment.d a tsarin da ke karanta shi. Masu Sway, wani mai jera tagogi na Wayland, kuma suna da layinsu, seat * xcursor_theme sai suna da girma.

Maganin gaske ya fara zuwa a 2023, da wata yarjejeniya mai suna cursor-shape-v1. A ƙarƙashinta manhaja ba ta ɗauko hoto. Cewa kawai take yi, ina son siffar rubutu, ko ina son siffar jira, mai harhaɗa tagogi, wato ɓangaren da ke jera tagogi a allo, ya zana da salon da mai kwamfuta ya zaɓa, da girman da ya zaɓa. Danga ba ta hana wannan, don babu fayil ɗin da za a je nema. KDE da Sway sun karɓe ta, GNOME ya biyo baya a 2025. A ganina tun farko haka ya kamata a yi. Kibiya ta mai riƙe da linzami ce, shi ya san idonsa, bai kamata kowace manhaja ta sami ta cewa a kanta ba. Ban ga laifin waɗanda suka gina Xcursor ba, sun yi aiki da abin da zamaninsu ya ba su, kuma aikinsu ya ɗauki mutane fiye da shekara ashirin. Amma sai manhaja da mai harhaɗa tagogi duka sun iya sabuwar yarjejeniyar take aiki, kuma na'urorin da ke hannunmu a Maradi, masu Cinnamon da Xfce da MATE a kan X11, za su daɗe ba su ga amfaninta ba. Mu da gyaran hannu muke tukuna.

Abin da nake roƙon masu gyara shi ne kada su bi wuraren nan a hargitse, su rubuta wannan suna a nan, wancan a can, don gobe su kansu ba za su tuna abin da suka taɓa ba. Ni daga ƙasa nake farawa. Salon ya shiga /usr/share/icons, in tabbatar da sunan foldarsa da girman da yake da su. In gyara default. In zaɓe shi a tagar saituna. Sai in fita daga zaman gaba ɗaya in sake shiga, don manhajar da ke buɗe ba ta sake tambaya, abin da ta ɗauko lokacin tashinta shi take riƙewa, sanarwar XCURSOR kuma sai a sabon zama take kama aiki. Bayan nan ne nake buɗe manhajojin da mai na'urar ke amfani da su ɗaya bayan ɗaya, in ja kibiya a kan kowace. Wadda ta bambanta, in tambayi kaina ƴar wane gida ce: GTK ce ko Qt, a killace take ko a sake, da ikon mai gida ta tashi ko da na mai amfani. Amsar ita ke nuna fayil ɗin da za a taɓa, kuma sau da yawa ɗaya ne ko biyu suka rage.

A na'urar Baba abin da ya rage bayan duk wannan shi ne wata tsohuwar manhajar hoto ta GTK 2, wadda layi biyu a ~/.gtkrc-2.0 suka ishe ta, da allon shiga. Washegari ya zo da hantsi kamar kullum, ya zauna, ya ja ɓeran daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya shiga taga ya fita, ya sake shiga. Ya ce, "Yanzu ta tsaya wuri guda. Amma ɗana, ba a iya ƙara mata kaɗan?" Na duba salon, yana da hoton 64. Na canza lambar a tagar saituna, a ~/.Xresources, a ~/.gtkrc-2.0 da fayil ɗin allon shiga, muka fita muka sake shiga, ya buɗe takardar da ya bari jiya ya ci gaba da bugawa.